Jan Farce a Kan Noti

A duk unguwar babu wanda zai ce ya taɓa ganin Anti Bos zaune hankali kwance. Ko dai tana bayan sitiyari, ko tana zagaya motarta tana shurin taya ɗaya bayan ɗaya. In ma an matsa mata ta zauna a gidan suna, ƙafarta ta dama ba ta daina motsi, kamar mai laluben burki. Yaran da take kaiwa makaranta ne suka raɗa mata sunan, ya kuma bi ta har ɗaki, don mijinta ma da shi yake kiranta in tsokana ta motsa masa.

Ba da tuƙi ta tashi ba. Ɗinki take yi a falonta, mijin ne direba. Ya daɗe yana jan motar ma'aikata, da ya ajiye aiki ya sayi wata ƙaramar bos rawaya ya shiga jigilar yaran makaranta. Sana'ar ta fara kama ƙasa ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Dangi suka taru, kowa da shawararsa, amma duk bakinsu ɗaya: a sayar da mota. Ita kuwa ta dubi motar, ta dubi 'ya'yanta mata da ke tsakiyar karatu, ta dubi keken ɗinkin da ko cefanen mako ba ya fitarwa, ta ce ba inda motar za ta. A wani fili bayan gari ta koyi tuƙi, shekarunta sun haura arba'in, maigidan na gefe an tokare shi da matashi, yana ba da umarni da hannu ɗaya.

"Saki kulocin a hankali, baiwar Allah. Ba keken ɗinki ba ne."

"To Malam, in ka fi ni ƙafa, zo ka taka."

Ta iya, ta kuma iya sosai. Iyaye suka riƙa miƙa mata 'ya'yansu da safe da jakunkuna da gorunan ruwa, ta dawo da su da rana ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Hanya ba ta taɓa ba ta tsoro ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne gareji.

Na farkon da ta je, ta bar masa mota da sabon batir, ta dawo ta ɗauka da wani wanda ya girmi ƙaramar 'yarta. Na biyu ya ce famfon mai ya mutu, ya karɓi kuɗin sabo, ashe wanke tsohon ya yi da fetur ya mayar. Ba ta sani ba sai da motar ta tsaya cak a tsakiyar mahaɗa, yara na kuka a baya, masu motoci na danna mata oda suna leƙowa su ga wace ce. Wani ma har da cewa ta koma kicin. Ranar ta koma gida ba ta ci abinci ba, ba don zagin ba, sai don an mai da ita sakarya da kuɗinta.

Dabarar ta zo mata ne daga shirmen babbar 'yarta, wadda ta zauna a kujerar gaba tana shafa jan farce, ya ɗiga a jikin giya. Aka goge da ruwa, aka goge da sabulu, ɗigon yana nan daram. Anti Bos ta tsaya tana kallonsa, sai ta miƙa hannu ta karɓe kwalbar.

Daga ranar, kafin motarta ta shiga kowane gareji, sai ta durƙusa a tsakar gida ta ɗiga ja a jikin duk abin da hannunta ya kai: batir, fulogi, filta, noti. Inda hannu bai kai ba ta tsoma tsinken tsintsiya ta zura. In aka ce an canza abu, ta dawo gida ta haska da wayarta. Ta ga ɗigonta a inda aka ce sabo ne, to an yi mata ƙarya. In kuma abin da ba ta ce a taɓa ba ya dawo babu ɗigo, an yi mata musaya ke nan. Mai shagon kayan kwalliya ya yi ta mamakin matar da ke sayen jan farce kwalba bayan kwalba, farcenta kuwa fari fat, sai dai baƙin mai a ƙarƙashi.

Dabarar ta kama mata mutane, ba ƙarya. Amma ba ta ba ta kwanciyar hankali ba, don duk wanda ta kama sai ta nemi wani, wanda kuma ba ta kama ba sai ta ce bai samu dama ba ne. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ba ta zama a gareji. Tsaye take a kan kafaɗar bakanike, numfashinta a wuyansa, tana tambaya: wannan fa, me ya sa ka kwance shi? Ina za ka kai wancan? Wasu su yi dariya, wasu su tsuke fuska, wani ya taɓa ajiye sifana ya ce in ta iya ta karɓa. Lambar wayarta ma ba ta ba su, wai kada a kira ta a ƙara mata wata cutar da motar ba ta da ita.

Har garejin kamfanin da ke sayar da irin motar ta gwada, da ƙanwarta ta dame ta. Wuri tas-tas, sanyi na busawa, aka zaunar da ita a kujera mai laushi, aka kawo mata shayi, aka ja motar aka shige da ita bayan wata ƙofar ƙarfe. Shayin ya huce a hannunta. Ta tashi ta leƙa, aka ce ba a shiga. Ta koma, ta sake tashi. Da aka fito da motar an wanke ta tana sheƙi, har da turare a ciki, kuma da ta duba a gida ba ta kama su da komai ba. Amma ta ce wa maigidan ita ba za ta koma inda ake rufe mata ƙofa ba.

"Su ba su cuce ki ba, kin ƙi su. Waɗancan sun cuce ki, kin ƙi su," in ji shi. "To wa kike nema? Mala'ika mai sifana?"

"Wanda zan ba makulli in juya baya nake nema."

"Ai ko kin same shi, wuyanki ba zai bar ki ki juya ba."

Ana cikin haka motar ta sake tsayawa a hanya sau biyu cikin zangon karatu ɗaya, duk a kan ƙananan abubuwa. A karo na biyu Maman 'Yan Biyu ta tare ta a bakin ƙofarta. Ma'aikaciyar asibiti ce, mace mai magana ɗaya, kuma sauran iyaye suna jin maganarta.

"Anti, ni ba na son ɓacin rai da ke. Amma yarana sun rasa jarrabawar safe saboda motarki. In aka sake makara, zan nemi wata hanya. Na faɗa miki tun yanzu don kada ki ce ban faɗa ba."

Anti Bos ta ce in sha Allah ba za a sake ba, ta ja mota. Ta san in 'yan biyu suka fita, ba mamaki wasu su bi bayansu, kuma kujerun nan su ne maganin Malam, su ne makarantar 'yan mata. Kamar da gayya, a makon ne burkin gaba ya soma ƙara, ƙiii, duk sanda ta taka.

Mai faci na bakin titinsu ne ya ce ta gwada wajen Ba-Sauri. Wani dattijo ne da ke da gareji a bayan kasuwar katako, shi da ƙaninsa. An sa masa sunan ne don ko me ka ce masa, amsarsa ke nan: ba sauri. Tana jin sunan ta ja tsaki. Amma burki ba abin wasa ba ne, kuma garejin da ba ta yi faɗa da su ba a kusa sun ƙare.

Da safen ranar da ba makaranta ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta goge notinan tayoyin gaba tas, ta ɗiga wa kowanne ja. Ta zura tsinke ta kafar wili ta ɗiga wa tsofaffin takalman burki, ta ɗiga wa notinan da ke riƙe da su. Malam na kallonta ta taga.

"Amarya ta sha ƙunshi," ya ce. "Saura turare."

Garejin rumfar kwano ce mai faɗi, ƙasa an share, sifanu a rataye a jikin allo, kowanne an zana siffarsa a inda yake zama. An ja layin fenti a ƙasa, bayan layin ga benci yana fuskantar wurin aiki. Ba-Sauri gajere ne mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare. Ya saurari ƙarar, ya leƙa, ya ce takalman burki ne suka cinye, ba wani abu ba. Ta jira ya ƙara lissafo wasu cututtukan, bai ƙara ba.

"Hajiya, ga benci. Daga nan za ki ga komai. Layin nan dai ba a tsallakewa, saboda jak ɗin ɗaga mota ba ya da amana."

"Ni a tsaye nake jira."

"To, ba sauri."

Ta tsaya da yatsun ƙafarta a kan layin, wuya a miƙe. Ƙanin ne ya yi aikin, wani dogo marar magana. Ya kwance, ya cire, ya sa sababbi a gaban idonta, ya mayar da tayoyin, ya kama notinan da sifana, ya sauke jak, ya tafi wanke hannu. Dattijon yana ƙarƙashin wata motar duk lokacin. Da ya fito ya ɗauko wani dogon sifana daga allo, ya zo ya durƙusa gaban tayarta, ya gyara tabarau ya duba, ya zagaya ɗaya gefen ya duba, sai ya mayar da sifanan inda ya ɗauko bai yi amfani da shi ba. Ya tattara tsofaffin takalman a leda ya miƙa mata da kansa. Ta ga ya ɗan tsaya yana kallon cikin ledar kafin ya saki. Ya nemi lambar waya, ta ce ba ta riƙe ta a ka ba.

A gida ta zazzage ledar. Ga ɗigonta a jikin tsofaffin, na jikin motar kuma sababbi ne fil. Notinanta duk suna nan, ba a musanya ko ɗaya ba. Burki ya yi shiru. Ta ce wa Malam da alama dai, da alama, amma ba ta ƙarasa ba, kada baki ya yi mata. Washegari motar ta wuni a gida, ita kuwa ta wuni tana zagaya ta.

Ranar makaranta, gari ya fara haske, ta buɗe ƙofar gida, ta tayar da mota, ta fara fitowa da baya. Sai ga babur ya sha gabanta ya tsaya a tsakiyar ƙofar. Ta taka burki, ta leƙo da masifa a bakinta, sai ta ga furfura da tabarau mai zare. Ba-Sauri ne, jak ɗaure a bayan babur, dogon sifanan nan a saɓe a kafaɗa, yana haki kamar shi ya ɗauko babur ɗin.

"Kashe ta, Hajiya. Don Allah kashe ta."

"Lafiya? Yara na jirana! Wa ma ya nuna maka gidana?"

"Mai faci. Tun jiya nake nemansa, sai yau ya buɗe. Sauko ki gani."

Ta sauko. Ya durƙusa gaban tayar gaba, bai ko taɓa sifana ba. Da yatsu biyu ya kama noti ɗaya, ya murza, ya murza, notin ya fito ya kwanta a tafin hannunsa, da ɗigon jan nan a kansa. Anti Bos ta dafa jikin motar. Abin da ya faɗo mata shi ne gangaren da ke gaban makarantar, inda take sauka kullum da yara cike da mota suna waƙa.

"Laifina ne," ya ce, bai ɗago ba. "Mu a wajenmu ɗauri biyu ne. Mai haɗawa ya kama noti sama-sama, sannan a bi da wannan mai awo, a ja har sai ya yi ƙas. Duk notin da aka gama, sai a ɗiga masa jan fenti, shi ne shaida. Na zo in ɗaure, na ga ja a kan kowanne, na ɗauka ƙanina ya gama. Shi kuma ya bar mini. Da na ga ja a jikin tsofaffin takalman cikin leda, abin ya tsaya mini a rai, don mu ba ma sa wa takalmi alama, kuma motar ba ta taɓa zuwa wajenmu ba. Sai jiya na tambaye shi. Da na sa sifana na gwada, da ba a kai nan ba. Ido na yarda da shi, ban yarda da hannu ba."

Da wani ne, da yanzu unguwa ta taru. Ga shi an kawo mata laifi har gida, an ajiye a gabanta, ba ta nema ba, ba ta haska waya ba. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "jan nan nawa ne. Ni nake ɗigawa, don in gane in an cuce ni."

"Na yi zaton haka." Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "An cuce ki da yawa ke nan."

"An cuce ni."

"To ki ci gaba da ɗigawa, motarki ce. Amma ki taimake ni ki canza kala."

Daga taga aka ji dariyar Malam, irin wadda rabon da ya yi ta tun kafin ciwo. "Garin neman gira!" ya ce, tari ya hana shi ƙarasawa.

Ta duba wayarta, lokaci ya soma tafiya. Ta ce ya ɗaure na wajen kawai ta je ta dawo, a yi sauran daga baya. Ya girgiza kai. Na cikin ma, masu riƙe da burkin, ba a ja su ba, sai an ɗaga motar an cire tayoyin duka biyu.

"Baba, za a cire mini yara. Wallahi an riga an ja mini kunne."

"Ba sauri," ya ce, yana kwance jak daga babur. A karon nan maganar ba ta ba ta haushi ba, tsoro ta ba ta, don ta san gaskiyarsa ce.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Maman 'Yan Biyu. Ƙarya iri-iri suka zo mata: cunkoso, jikin Malam, ga ni nan a kwana. Ta dubi dattijon da ke durƙushe a ƙofar gidanta yana aikin da ba wanda ya kama shi a kai, ta ɗaga.

"Maman 'Yan Biyu, zan makara. An gano notin tayata bai ɗauru ba, kuma da hannuna a ciki. Ba zan ɗauki ɗan kowa ba sai an gama."

Matar ta ce, "Allah ya tsare. Amma Anti, na riga na faɗa miki." Ta kashe.

Ta bi sauran iyayen ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu abu guda, tana kai da kawowa a bakin ƙofa, a bayanta kuma sifana na yin ƙas, ƙas. Wasu suka jira, wasu suka sa yaransu a tasi ranar. 'Yan biyu dai ba su dawo ba. Har ƙarshen zangon kujerunsu biyu na bayan direba babu kowa, kuma duk sanda ta kalli madubi sai ta ji zafin abin. An rage cefane a gidan, an rage wasu abubuwan ma. Sauran iyayen kuwa ba wanda ya motsa.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, ta sayi shuɗin jan farce, mai shago ya ce yau kuma sabon salo. Ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, ta durƙusa, ta buɗe kwalbar. Ta daɗe a haka. Sai ta rufe, ta jefa a jaka, ta ja mota.

A gareji ta miƙa wa Ba-Sauri makulli, ta karanto masa lambar wayarta ba tare da ya tambaya ba. Ya nuna mata benci, ta ce a'a, gida za ta. Ta kai bakin titi ta dawo, wai ta manta laima a mota. Ta sake fita, ta sake dawowa ta tuna masa filta. Ya ce ya ji. A karo na uku ta tsaya a bakin titin, wuyanta na ja da baya kamar an ɗaura masa igiya, ta tsayar da tasi ta shige da sauri kafin ta canza shawara.

Malam na zaune a falo ya ga ta shigo da jaka kawai.

"Ina motar?"

"Tana gareji."

"Ke kuma kina nan?"

"Ga ni kuwa."

Ta zauna kusa da shi, ta ajiye wayar a cinya, fuskarta sama. Ƙafarta ta dama ta soma motsinta. Malam ya miƙo hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan gwiwarta, ya bar shi a nan.